Ryzen 7 7800X3D ko Core i7-14700K: Yadda Ake Auna Su Kafin a Fitar da Kuɗi

Furosesoshin nan biyu, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, a shekara ɗaya suka shigo kasuwa. AMD ta fitar da Ryzen 7 7800X3D a Afrilun 2023 kan dala 449, Intel kuma ta biyo baya da Core i7-14700K a Oktoba kan dala 409. Tun da kuɗin nasu ya yi kusa, mai haɗa kwamfuta yakan tsaya tsakaninsu yana wasi-wasi. Abin da zai raba gardamar shi ne irin aikin da kwamfutar za ta wuni tana yi, da irin wutar da za ta riƙa sha, da sauran kayan da kowane furosesa zai tilasta maka saye. Lambobin da ke jikin kwali ba su isa su nuna maka waɗannan ba.

Fara da karanta takardar kowanne, amma ka san abin da kake karantawa

7800X3D yana da cibiyoyi 8, wato sassan da ke yin lissafi, da zare 16, wato layukan aikin da yake iya ɗauka a lokaci guda, gudunsa na tushe 4.2GHz, iyakar tashinsa 5.0GHz. Shi kuwa 14700K cibiyoyinsa 20 ne da zare 28: manya 8 masu kaiwa 5.6GHz, da ƙanana 12 masu tsayawa a 4.3GHz. Wanda ya tsaya nan zai ce ai magana ta ƙare, 20 ta fi 8. To sai dai akwai layi ɗaya a takardar da ke juya lissafin, wato ma'ajiyar kusa da ake kira kash na L3. Na Intel 33MB ne. Na AMD 96MB ne, domin an ɗora wani faifai mai 64MB a kan asalin 32MB ɗin, abin da kamfanin ke kira 3D V-Cache.

Amfanin wannan ma'ajiya kamar mai shago ne da ke da kanta a gabansa da kuma sito a bayan layi. Duk abin da ke kan kanta, hannu kawai zai miƙa. Wanda babu, sai ya aiki yaro sito, mai saye na tsaye yana jira. RAM ita ce siton. Wasan kwamfuta yana yawan neman ƙananan bayanai barkatai: inda abokin gaba yake, inda harsashi ya nufa, abin da ya kamata a zana a hoto na gaba. Idan kantar tana da faɗi, zuwa sito yana raguwa, kuma wannan ragin jiran ya fi ƙarin 600MHz amfani a yawancin wasanni. Amma aikin da ke tafiya a jere, kamar matse bidiyo ko fitar da zane a manhajar Blender, bai damu da faɗin kanta ba. Yawan hannaye yake so.

Lambar wutar da aka rubuta ma tana yaudara. AMD ta rubuta wat 120, alhali 7800X3D da wuya ya wuce wat 90 ko da an ɗora masa aiki a dukkan cibiyoyi. Intel ta rubuta wat 125 a matsayin tushe, amma akwai lamba ta biyu, wat 253, kuma ita ce gaskiyar abin da 14700K ke ja idan aiki ya yi nauyi. Wannan ta biyun za ka yi lissafi da ita.

Gwajin wasanni

Kuskuren da aka fi yi shi ne gwada furosesa a yanayin da katin hoto ne ke riƙe da linzami. Idan ka kunna wasa a 4K da komai a sama, katin hoton zai cika ɗari bisa ɗari, furosesoshin biyu su ba ka sakamako kusan ɗaya, ka ɗauka babu bambanci. Don ka ga ƙarfin furosesa, sauke wasan zuwa 1080p, ka rage saitin da ke wahalar da kati kamar inuwa da fasahar haske da ake kira ray tracing, ka bar waɗanda ke wahalar da furosesa kamar yawan jama'a a titi da nisan gani. Ka kashe V-Sync da duk wani abin da ke ƙayyade yawan hotuna, ka kashe fasahar ƙirƙiro hotunan cike gibi. Sannan ka sa ido kan katin hoto: matuƙar aikinsa na yawo a 97 zuwa 99 cikin ɗari, katin kake gwadawa. Sai ya sauko ƙasa da haka furosesa ya fara magana.

Dole sauran kayan su zama iri ɗaya: kati ɗaya, direba ɗaya (manhajar da ke tafiyar da katin), Windows 11 ɗaya, RAM mai girma ɗaya. Windows 11 ɗin yana da muhimmanci ga Intel, domin shi ne ya fi iya aiki da Thread Director, wato tsarin da ke tura wasa kan manyan cibiyoyi ya tura ayyukan bayan fage kan ƙanana. Ka sa manhajar CapFrameX ko MSI Afterburner, ka zaɓi wuri ɗaya a cikin wasan, ka bi hanya ɗaya ta daƙiƙa 60, sau uku ko huɗu. Ka watsar da zagayen farko, saboda a lokacin wasan na harhaɗa bayanan zane, yana ɗan sarƙewa ko da wane furosesa ne.

Lamba biyu za ka rubuta. Ta farko matsakaicin hotuna a daƙiƙa, wadda 'yan wasa ke kira FPS. Ta biyu ita ce matsakaicin kashi 1 cikin ɗari na hotunan da suka fi jinkiri, kuma ita ce ido ke gani. A 60 FPS kowane hoto yana da milisakan 16.7, a 144 kuwa 6.9 kacal. Wasan da ke ba da matsakaicin 140 amma yana faɗowa 50 duk sanda aka shiga gari ya fi ban haushi a kan wanda ke zaune daram a 110.

Idan aka yi gwajin haka, 7800X3D ne ke gaba a jimilla. Tazarar takan yi faɗi a wasannin da ke da duniya mai girma ko lissafi mai yawa, irin su Microsoft Flight Simulator, Factorio da Baldur's Gate 3, musamman a cikin birnin da ke kashi na uku na wasan. A wasu wasannin kuma suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci ma Intel ya ɗan wuce idan an haɗa shi da DDR5 mai sauri sosai. Ga abin da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye: mai katin hoto matsakaici irin RTX 4060 da allon 60Hz ba zai ga bambancin ba ko kaɗan. Irin wannan mutum gara ya sayi Ryzen 5 7600 ko Core i5, ya zuba ragowar kuɗin a kati. Gardamar nan ta masu allon 144Hz zuwa sama ce da kati mai ƙarfi.

Aikin neman abinci

Nan labari ya sha bamban. A gwajin dukkan cibiyoyi na Cinebench R23, manhajar auna ƙarfin furosesa, 14700K yana ba da kusan ninki biyu na makin 7800X3D. Haka abin yake, ko kusa da haka, a Blender idan furosesa ne ke fitar da zane, da HandBrake mai matse bidiyo, da harhaɗa manyan manhajoji. Ƙananan cibiyoyin nan 12 da ba su tsinana wa ɗan wasa komai, a nan suke biyan kuɗinsu.

Kada ka dogara da Cinebench kaɗai. Ɗauki aikinka na gaske, misali bidiyon biki na minti 20 da ka riga ka tace, ka fitar da shi a kan kowace na'ura da saiti ɗaya, ka duba agogo. Ka bar aikin ya kai aƙalla minti 10, domin gajeren gwaji yana ƙarewa kafin zafi ya taru, alhali a aikin gaske zafin ne ke rage gudu.

Masu tace bidiyo suna da wani dalili na daban na duban Intel. A cikin 14700K akwai ƙaramin sashen hoto UHD 770 mai ɗauke da Quick Sync, wanda ke warware bidiyon H.265 mai bit 10 da tsarin launi 4:2:2, irin wanda kyamarorin Sony da Canon na zamani ke ɗauka. Katunan Nvidia na jerin RTX 30 da 40 ba sa warware wannan nau'in da kansu, don haka ba tare da Quick Sync ba nauyin kan furosesa yake faɗawa, hoton ya riƙa tsalle a Premiere Pro ko DaVinci Resolve Studio. Saboda haka mai wannan sana'a ya kiyayi 14700KF. Harafin F ɗin yana nufin an kashe sashen hoton, ragin 'yan dalolin bai kai asarar ba. Kuma bayan an sa katin hoto, a shiga BIOS, wato shafin saitin madabod (babban faifan da ake jona duk kayan kwamfuta a kansa), a tabbatar sashen na ciki a kunne yake, don wasu madabod suna kashe shi da kansu da zarar sun ga kati.

Ga mai Word, Excel, burauza da Photoshop jefi-jefi, duk biyun sun yi masa yawa.

Wuta da zafi

Wannan shi ne sashen da masu gwaji a Turai da Amurka ke wucewa da sauri, mu kuwa nan ne ya kamata mu daɗe. Ɗakin gwajinsu yana kan digiri 21 zuwa 23. Ɗakin da babu na'urar sanyaya iska a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu yana iya haura 35. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru, kusan shi ne ke ƙaruwa a kan furosesa. Idan ka ga an ce 14700K ya tsaya a 88 a ɗakin 22, to a ɗakin 36 ya riga ya bugi iyakarsa ta 100, zai fara rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ka biya kuɗin gudun da ba za ka samu ba ke nan.

Auna wuta hanya biyu ake yi. Manhajar HWiNFO64 za ta nuna maka abin da furosesa kaɗai ke ja. Ƙaramar mitar da ake sokawa a bango kafin filogin kwamfuta kuma za ta nuna abin da dukkan na'urar ke ja, wanda shi ne batirinka ko mitar gidanka ke ji. Ka auna a yanayi uku: tana zaune ba aiki, ana wasa, da aiki mai cin dukkan cibiyoyi.

A wasa, 7800X3D yakan zauna a wajen wat 50 zuwa 70, 14700K kuma yakan haura 100, a wasu wasannin ya yi nisa da haka. Mu ɗauki bambancin wat 70 a matsayin misali. Awa 4 a rana ya zama wat-awa 280. Batirin inbata mai 12V da 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma idan na ruwa ne rabin kawai ake so a ja don ya yi ƙarko, wato 1,200. Bambancin furosesa kaɗai ya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da batirin zai iya bayarwa. Ga mai sola, wannan fanka ce da fitilun dare guda.

A aiki mai nauyi lissafin bai miƙe haka ba, kuma nan mutane ke zaluntar Intel. Wanda ya ja wuta da yawa amma ya gama da wuri, ba lallai ya fi cin wuta a jimilla ba sosai. Misali: aikin da 14700K ya gama a minti 10 yana jan wat 250 ya ci wat-awa 42. Idan 7800X3D ya ɗauki minti 20 yana jan wat 85, ya ci 28. Amma allo da madabod da fankoki su ma suna ci muddin na'urar na kunne. Ka ƙara musu wat 60, sai lissafin ya koma 52 da 48. Tazarar ta kusa rufewa, ga kuma minti 10 da aka tsira da su. A zaman banza ma, Intel yakan ɗan fi sauƙin ci, domin tsarin AMD na faifai biyu yana jan wasu 'yan wat ko ba a komai.

Akwai kuma dabarar da ta dace da ƙasa mai zafi. A BIOS, ka nemi iyakokin wuta PL1 da PL2 na 14700K, ka sauke su daga 253 zuwa wajen 150 ko 180. Gudun da za ka rasa a aiki mai nauyi bai kai wutar da za ka rage ba, don wat ɗin ƙarshe-ƙarshe su ne mafi tsada kuma mafi ƙarancin amfani, a wasa kuwa da wuya ka lura. A ɓangaren AMD abin da ya yi kama da haka shi ne Curve Optimizer, saitin BIOS da ke rage ƙarfin wutar da furosesa ke nema: fara da ragin 15 a dukkan cibiyoyi, ka gwada kwana biyu, in babu matsala ka je 20. Idan kwamfuta ta fara mutuwa tana tashi da kanta lokacin da ba a komai, ragin ya yi yawa, ka koma baya.

Wajen sanyaya, 7800X3D ya wadatu da na'urar iska mai hasumiya biyu irin Thermalright Peerless Assassin 120. Kada ka firgita in ka gan shi a digiri 80 duk da ƙarancin wutarsa, faifan kash ɗin yana zaune ne a saman faifan da ke ɗauke da cibiyoyin kamar bargo, iyakarsa kuma 89 ce. 14700K a cikakken ƙarfinsa yana son na'urar ruwa mai 360mm. Babu ɗayansu da ke zuwa da na'urar sanyaya a kwali. Lokacin hunturu kuma ƙura tana toshe ragar na'urar ruwa da wuri fiye da yadda ake zato, a riƙa hure ta duk bayan 'yan makonni.

Kuɗin gaske

Kada ka kwatanta farashin furosesa da furosesa. Rubuta layi biyar ga kowanne: furosesa, madabod, RAM, na'urar sanyaya, da akwatin wuta na PSU. Sai ka tara.

7800X3D yana hawa soket AM5, wato mazaunin furosesa a kan madabod, kuma DDR5 kaɗai yake karɓa. Madabod B650 ta ishe shi, ba ya buƙatar X670. RAM ɗin da ta dace da shi ita ce sanda biyu na 16GB, DDR5-6000 CL30, a ramuka na biyu da na huɗu daga furosesa, sannan a kunna EXPO a BIOS, saitin da ke kai RAM gudun da aka rubuta mata, in ba haka ba za ta zauna a 4800. Sanda huɗu suna tilasta sauke gudu, a guje su. A kunnawar farko allo zai iya zama baƙi na minti ɗaya zuwa uku yayin da madabod ke daidaita RAM, wannan ba lalacewa ba ce, kada a zare filogi.

14700K yana hawa LGA1700, yana karɓar DDR4 ko DDR5 gwargwadon madabod ɗin da ka saya, ba duka biyun a madabod ɗaya ba. Wannan rangwame ne ga wanda ke da tsohuwar DDR4 ko madabod ta zamanin Core na 12, ko da yake DDR4 tana rage masa gudu a wasa. Madabod mai araha sosai ba ta iya ciyar da wat 253, sassan wutarta za su yi zafi su shaƙe furosesan, don haka a nemi Z790 ko B760 mai kyakkyawan ƙarfen sanyaya a gefen soket. Tsofaffin Z690 da B660 sai an sabunta musu BIOS kafin su gane shi. Da kati mai jan wat 250 zuwa 300, PSU mai wat 850 ya fi kwanciyar hankali, alhali 650 zuwa 750 ya ishi na AMD.

Sai maganar gobe. LGA1700 ya ƙare a kan zuriya ta 14, wadda 14700K ke cikinta, Intel ta koma LGA1851 a Oktoban 2024. AM5 kuwa AMD ta yi alkawarin ci gaba da shi har 2027 zuwa sama, kuma Ryzen 7 9800X3D da ya fito a Nuwamban 2024 yana hawa madabod ɗin B650 ɗin nan bayan sabunta BIOS. Wanda aikinsa rabi wasa ne rabi tace bidiyo, kuma yana da tsayayyiyar wuta, 14700K ya fi masa. Wanda wasa ne kan gaba, ko yake kan sola, 7800X3D ne nasa, ba tare da dogon tunani ba.

Abin da ke lalacewa

Kowannensu ya taɓa shiga matsala. A 2023 wasu furosesoshin AM5, har da 7800X3D, sun ƙone a soket saboda wasu madabod suna tura wutar SoC, wato ta sashen furosesa da ke kula da RAM, fiye da kima idan an kunna EXPO. AMD ta ƙayyade ta a 1.3V ta hanyar sabon BIOS. Bayan ka haɗa, buɗe HWiNFO64 ka duba wannan lambar, kada ta wuce haka.

Ta Intel ta fi girma. A 2024 kamfanin ya amsa cewa furosesoshin zuriya ta 13 da ta 14 suna neman wutar da ta wuce kima, abin da ke cinye su a hankali har su daina tsayawa daidai. Alamomin su ne wasa ya rufe kansa yayin harhaɗa bayanan zane, ko saƙon ƙarya cewa ma'ajiyar katin hoto ta cika, musamman a wasannin Unreal Engine, ko shuɗin allo. An fitar da gyaran da ke zuwa ta sabon BIOS, 0x129 a Agusta da 0x12B a Satumba na shekarar, an kuma ƙara shekara biyu a kan garantin waɗanda aka saya a kwalinsu, ya zama biyar. Sabon 14700K, abu na farko shi ne a sa BIOS mai ɗauke da 0x12B ko wanda ya biyo bayansa, a zaɓi saitin Intel Default. Kada a sabunta BIOS sai kwamfuta na kan UPS ko inbata, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin tana iya kashe madabod.

Gyaran yana hana lalacewa ta gaba ne kawai, wanda ya riga ya ci wuta ba ya warkewa. Wannan ya sa sayen 14700K na hannu ke da haɗari, ga shi garanti ba ya yawan biyo kayan da aka shigo da su ta hannun 'yan kasuwa. Idan dole sai na hannun, a haɗa shi a gabanka, a mayar da BIOS saitinsa na asali, a kunna Cinebench na minti 30, sannan gwajin cibiya ɗaya-ɗaya a manhajar OCCT, domin lalacewar ta fi bayyana lokacin da cibiya ɗaya ta tashi zuwa ƙololuwar gudunta. Bayan haka a buɗe HWiNFO64 a gangara ƙasa a duba layin WHEA, mai ƙirga kurakuran kayan na'ura da Windows ta gano. Ya kamata ya nuna sifili. In madabod ma ta hannu ce, ko ta AM5 ko ta LGA1700, a haska soket da fitilar waya daga gefe a juya ta a hankali: allurar da ta lanƙwashe takan ƙyalla daban da 'yan uwanta, kuma guda ɗaya ta isa ta sa ramin RAM ɗaya ya daina aiki.